Zuwa ga Alhajin da ya tambayi kwalina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa. A taron 'yan kasuwa na makon jiya a Katsina ka karɓi lasifika ka ce: "Malamin gonar da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rabon taki a ƙauyukan Daura, da wane kwali yake ba kamfanoni shawara?" Aka kwashe da dariya. Na yi shiru don ka girme ni, amma tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan amsa.

Ba ni da MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, ban kuma taɓa cewa ina da shi ba. Sai dai manyan kamfanonin ba da shawara na duniya da kake ambata kamar wuridi, BCG da Bain da McKinsey, ka san tushensu? Bruce Henderson, wanda ya kafa BCG a 1963, ya taɓa yin tallan littafin Baibul gida-gida. Bill Bain, wanda ya kafa Bain a 1973, tarihi ya karanta. Marvin Bower da ya raini McKinsey lauya ne. Har yau suna ɗaukar likitoci da injiniyoyi, don a ganawar ɗaukar aiki matsalar wani kamfani ake ajiye maka, a ga yadda za ka warware ta. In kuma Turancina kake raina wa, bari na bar wannan zancen. Masu biyana suna ganewa.

Abin da ya sosa mini rai shi ne "rabon taki". Rabon takin nan ne makarantata, Alhaji. Aikina na farko, wanda ko sisi ban karɓa ba, a wani injin casar shinkafa ne da ke ta faɗuwa. Masu shi sun riga sun biya baƙi daga Legas, aka ba su rahoto mai kauri cewa a sauya buhu, a ƙara talla. Ni kuwa hannu na tura cikin buhun shanshera, na ciji ƙwaya ɗaya, na ji ta lotsa a haƙori. Jiƙaƙƙiya suke saye, wato kuɗin ruwa suke biya, sannan su shanya ta a rana har ta tsage, inji ya ragargaza ta. Danshin da ya dace da casa wajen kashi 14 cikin ɗari ne. Ɗan ma'aunin danshi a bakin ƙofa ya tsayar da asarar. Lissafin kuɗi da manhajar kwamfuta ta Excel kuwa da daddare na koye su, da fitilar caji, bayan yara sun yi barci.

Ciwonmu ke nan a garin nan: baƙo ya kwana biyu a otal, bai taɓa taka kasuwar Dandume ko Mai'aduwa ba, sai a miƙa masa miliyoyi. Ɗan gida kuwa a ce ya kawo kwali.

Ban ce tambayarka tana da alaƙa da aikin nan da ni da ɗan ƙaninka muka nema aka ba ni ba. Mutane ne ke faɗa. In yaron yana so, ya same ni ranar Lahadi a kara ta Mai'aduwa, amma ya sa takalmin da ba ya jin tausayinsa.

Naka, tsohon malamin gona,
Daura