Hausawan da aka kai Bahiya ba su miƙa wuya ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka.

Na yi shekara 30 ina koyar da tarihi a makarantun jihar Maradi kafin in ajiye alli. Makon jiya jikata ta zo mini da darasinsu na cinikin bayi ta tekun Atlantika. Ga zanen cikin jirgi, mutane a jere kamar buhunan gyaɗa a sito, ga tsibirin Gore na ƙasar Senegal, ga adadin mutum sama da miliyan 12 da aka loda. Sai ta ce, "Kaka, su haka suka tsaya aka ɗaure su? Ba wanda ya ce uffan?" Tambayar ta soke ni, don ni ma haka na koyar da shi shekara da shekaru.

Ba su tsaya ba. Masana sun ƙiyasta cewa kusan jirgi ɗaya cikin 10 sai da aka yi bore a cikinsa. A Haiti kuwa bayi suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne namu na gida. Yaƙe-yaƙen da suka fitar da kakanninmu daga Birnin Katsina har suka zo suka kafa Maradi sun bar kamammu ta kowane ɓangare. Aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu ta ƙasar Yarbawa har bakin teku, da yawa suka ƙare a Bahiya ta ƙasar Burazil. Da hannunmu a ciki, kuma gara yaro ya ji wannan daga bakinmu.

A 1807 Hausawan Bahiya suka ƙulla shirin ƙwace jiragen ruwa su komo gida, wani ya tona asirin. Ba su daddara ba, suka sake tashi a 1809, suka kuma a 1814. Sai babban, daren 24 ga Janairu 1835, a goman ƙarshe na azumi. Mutum wajen 600, galibi Yarbawa Musulmi da Hausawa a cikinsu, suka fito titunan Salbado, babban birnin Bahiya, da fararen riguna da layu, takubba a hannu, suna fuskantar bindigogi. Kimanin 70 suka kwanta dama a faɗan. Daga baya aka harbe huɗu, aka yi wa wasu bulala ɗaruruwa, aka koro wasu zuwa Afirka. A jikin gawawwaki da cikin ɗakunansu an tsinci takardu ɗauke da ayoyi da addu'o'i da Larabci, irin waɗanda malamanmu na zaure ke naɗewa cikin laya. Takardun suna nan ajiye a Bahiya har yau. Duk sanda na tuna cewa wani ya tsallake teku cikin mari bai mance karatun allonsa ba, sai idona ya kawo ruwa.

Akwai kuma Muhammadu Gardo Baƙwaƙwa, haifaffen Jugu ta ƙasar Benin, wanda uwarsa Bakatsina ce. Shi ma Burazil aka kai shi bauta. A 1847 ya tsere daga jirgin ubangidansa a Niyok ta Amurka, aka buga labarinsa a 1854. Ɗan 'yar'uwarmu ne, amma tambayi mutum goma a Babbar Kasuwa ka ji ko akwai wanda ya taɓa jin sunansa.

Roƙona ga masu tsara manhaja su sa boren Bahiya cikin darasi. Gidajen rediyonmu su ba shi ko da rabin awa da Hausa. Malaman tarihi na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma su nemo mana hotunan takardun nan, a kai wa malaman zaure su karanta mana abin da 'yan'uwanmu suka rubuta. Jikata dai ta riga ta rubuta "Bahiya, 1835" a gefen littafinta, ta ce ranar Litinin za ta tambayi malaminsu.

Naka,
Tsohon malamin makaranta, unguwar Bagalam, Maradi