Waɗanda aka ƙona a Vardo

Assalamu alaikum, Malam Edita.

A shirinku da ya taɓo zargin maita, wani mai kira ya ce ai ko Turawa sun ƙona mayu, don haka batun ba ya buƙatar gardama. Ƙonawa kam sun yi. Sai dai ina so masu sauraro su ji yadda aka yi ta, domin hujjar tasa a kansa take juyawa.

Vardo ƙaramin gari ne na masunta a kan tsibiri, can ƙuryar arewa maso gabashin ƙasar Norwe, a lardin Finnmark. A jajibirin Kirsimeti na 1617 guguwa ta taso wa masunta a teku, maza 40 suka nutse a rana guda. Jama'ar lardin gaba ɗaya a lokacin 'yan dubbai ne. A 1621 aka gurfanar da mata, aka sa suka amsa cewa su suka ƙulla igiya, suka tofa mata yawu, suka kwance ta, iska ta tashi.

Ta yaya suka amsa? Nan ne zuciyata ke ƙuna. Ana ɗaure mace hannu da ƙafa a jefa ta cikin ruwan teku mai tsananin sanyi. In ta taso sama, a ce ruwa ya ƙi ta, mayya ce. Daga nan sai azaba a kurkukun Vardohus, har ta faɗi abin da ake son ji, ta kuma ambaci sunayen wasu. Waɗanda ta ambata su ma a kamo su, su ambaci wasu. Da haka maƙwabciya ta ja maƙwabciya zuwa wuta. Kuma ba 'yan zauna-gari-banza suka yi wannan aiki ba. Hukuma ce, da gwamnanta, da kotunta, da dokar maita da Sarki Christian na huɗu, sarkin Denmark da Norwe, ya kafa a 1617.

Tsakanin 1600 da 1692 an kashe mutum 91 a lardin, mata 77, maza 14, yawancin mazan 'yan ƙabilar Sami. A hunturun 1662 zuwa 1663 kaɗai mata 20 suka mutu, aka kuma tsare yara mata shida. Ƙanana ne, an tsoratar da su har suka riƙa ba da labarin ganawa da Shaiɗan, wasu suka ambaci iyayensu mata. Allah ya jiƙan rai, yaro in ya ji tsoro me ba zai faɗa ba?

Yaran sun tsira ne saboda alƙalin ɗaukaka ƙara, Mandrup Schonnebol, ya zo a 1663 ya sake duba shari'ar, ya sallame su. Mutum ɗaya ya tsaya ya tambayi hujja, sai ga maita ta fara ƙaranci a garin.

A 2011 Sarauniya Sonja ta Norwe ta buɗe wurin tunawa da waɗanda aka kashe a Steilneset, cikin Vardo, inda ake ganin a nan aka riƙa ƙona su. Dogon zaure ne mai taga 91, kowace taga da fitilarta, da sunan wanda aka kashe da abin da aka tuhume shi da shi.

Mu kuwa abin bai zama tarihi ba. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, ya yi sambatu ya kira sunan wata tsohuwa, sai a ce ta kama kurwarsa, a jawo ta ta tsallake shi, wani lokaci har da duka. Gidansu kuma ya shiga uku, 'ya'yanta mata su rasa mijin aure. A 2020 an kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, a Kafaba ta ƙasar Gana, da rana tsaka, mutane na kallo.

Roƙona, Malam Edita, ku sake shirin. Ku gayyato likita ya yi bayanin sambatun zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, da malami ya faɗi hukuncin ƙazafi, da lauya ya sanar da jama'a cewa a dokar Najeriya jifan mutum da maita laifi ne. Ku kuma ba matan da aka taɓa zarga dama su yi magana, ko da an sakaya sunayensu.

Na gode, a huta lafiya.

Mai sauraronku daga Zariya