Wasiƙa zuwa ga Habibu kan 'ya'yan kwaɗi

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na san tun muna yara kake son halittun ruwa, shi ya sa na kasa riƙe wannan labari ni kaɗai.

Ka san 'ya'yan kwaɗin nan masu wutsiya, waɗanda ba su kai ga fitar da ƙafa ba? Ashe siffar jikinsu tana sauyawa gwargwadon maƙiyin da ke cikin ruwan. A Amurka akwai wani kwaɗon bishiya mai launin toka. Idan 'ya'yansa suka taso tare da tsutsar mazari, wadda ke cin su, sai wutsiyarsu ta yi faɗi, ta yi ja da ɗigon baƙi. Masu bincike McCollum da Van Buskirk sun nuna haka a 1996. Ko da an kulle tsutsar a keji, ba ta iya taɓa su, sauyin yana faruwa, domin suna jin sinadarin da ke fita cikin ruwa in ta cinye ɗan'uwansu da aka ba ta.

Jan wutsiyar nan ya fi komai ɗaure mini kai. Me zai sa mai neman ɓuya ya yi ado? Hikimar ita ce tsutsar ta kai sara wutsiya maimakon kai ko ciki. Wutsiya ta yage, ɗan kwaɗon kuwa ya tsira, daga baya ta sake tsirowa.

Kuma suna bambanta maƙiyi da maƙiyi. A Panama, masu bincike Touchon da Warkentin sun gano a 2008 cewa 'ya'yan wani kwaɗo suna yin siririyar wutsiya marar launi idan kifi ne a kusa, faffaɗa mai ja idan tsutsar mazari ce. Na tsibirin Hokkaido a Japan kuwa kumbura suke yi har su fi ƙarfin bakin ɗan salamanda, wata halitta mai kama da ƙadangare, mai haɗiye su ɗungurungum. In aka ɗauke ɗan salamandan, kumburin ya sace.

Ba a banza suke samun wannan kariya ba. Mai jin tsoro yana rage yawo da cin abinci, girmansa ya yi jinkiri, ga tafki yana iya ƙafewa kafin ya zama kwaɗo.

Don Allah ka rubuto mini ra'ayinka. A gaida mutan gida.

Naka,
Nasiru