Godiya ga Hukumar Wuraren Shaƙatawa ta Jihar Misuri kan Hanyar Keken Katy

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin ma'aikata,
Hukumar Kula da Wuraren Shaƙatawa ta Jihar Misuri,
Jefferson City, Amurka.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a kan hanyar keken Katy da kuke kula da ita. Na rubuta da harshena ne domin 'yan'uwana da karatu ko neman abinci ya kawo su wannan jiha su san da zamanta. Da yawa sukan yi shekaru a Columbia ko St. Louis ba su taɓa taka ta ba, alhali ga ta nan a bayan gari.

Ga wanda bai sani ba, Katy tsohon layin dogo ne da aka cire wa ƙarafa da katakai, aka shimfiɗa masa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, aka danne shi ya kwanta. Tsawonta mil 240, wato kimanin kilomita 386, daga Machens a gabas zuwa Clinton a yamma, kuma fiye da rabinta tana bin gaɓar kogin Misuri ne. Mota ba ta hawa, babur ba ya hawa. Masu keke ne da masu tafiya a ƙasa, sai masu dawaki a wasu sassa da aka keɓe musu. Ni a Columbia nake zaune, nakan bi reshen da ya tashi daga cikin gari, kusan mil 9, in haɗu da babbar hanyar kusa da McBaine. Daga nan mutum zai yi ta tuƙi babu hon a bayansa, babu tirela da za ta bi ta gefensa ta kaɗa shi. Inda hanyar ta gitta titin ƙauye kaɗai ake tsayawa a duba dama da hagu. Uba na iya sakin ɗansa ɗan shekara bakwai ya yi gaba a kan ƙaramin kekensa, hankalinsa kwance. Wanda ya taɓa tuƙa keke a gefen babban titi ya san darajar wannan.

Abin da ya fi sa ni rubuta wasiƙar nan shi ne aikin da ba a cika gani ba. Kogin Misuri maƙwabci ne mai wuyar sha'ani. Shi ne ma ya kori jirgin tun farko: ambaliyar watan Oktoba na 1986 ta lalata layin, kamfanin jirgin Missouri-Kansas-Texas ya ga gyara ba riba, ya haƙura da shi. An buɗe sashen farko na hanyar keken a Rocheport a 1990, ba a je ko'ina ba sai ga babbar ambaliyar 1993 ta wanke mil da yawa na abin da aka gina. Kuka sake shimfiɗawa. A 2019 ruwa ya sake hawowa ya yi makonni a kwance kan sassa masu yawa, ya bar laka da yashi da ramuka. Nan ma kuka fito da tifa da gireda. Ko a shekarar da babu ambaliya aikin ba ya ƙarewa: iska ta kayar da itace ya tare hanya, dutse ya gangaro daga tsauni, ruwan sama ya zaizaye bakin kwalbati, katakon gada ya ruɓe. Mai keke zai zo da safe ya tarar an yanke itacen an jera gungumen a gefe, ya wuce abinsa bai san wanda ya tashi da asuba ya yi ba. To, ni na lura, kuma waɗannan mutanen nake nufi da godiyata kafin kowa.

Haka kuma ina yaba yadda kuke sanar da jama'a halin da hanya take ciki. Idan an rufe wani sashe, za a gani a shafinku na intanet, a kuma tarar da allo a wurin. Wanda ya ɗauko guzurin kwana uku ba zai je ya yi karo da gadar da ruwa ya ci ba.

Dole kuma a ambaci waɗanda suka sa hanyar ta tabbata. A 1983 majalisar dokokin Amurka ta yi gyara ga dokar hanyoyin ƙasa, wanda ya ba da damar a adana layin dogon da aka daina amfani da shi, a mai da shi hanyar jama'a, da sharaɗin cewa in an sake bukatar jirgi wata rana za a iya maido da shi. Ba don wannan doka ba, da filin ya rarrabu gunduwa-gunduwa ya koma hannun masu gonakin da ke gefe. Wasunsu sun ja da maganar har gaban kotu, kuma ban ga laifinsu ba, domin ba kowa ke son baƙi suna ratsa bayan gidansa ba. Sai Ted Jones, ɗan kasuwar nan na kamfanin Edward Jones, da matarsa Pat suka ba da dala miliyan 2.2 aka sayi layin aka fara aiki. Ted ya rasu a 1990, shekarar da aka buɗe sashen farko. Duk sanda na karanta wannan tarihi a allunan da kuka kakkafa, nakan tuna da ƙaramin layin dogon da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957, in ce ina ma.

Wurin da na fi so shi ne tsakanin McBaine da Rocheport. Kogi a hannu ɗaya, dogayen duwatsu farare a tsaye a ɗaya hannun, inuwa ta rufe hanya. Ta nan ayarin Lewis da Clark, masu binciken yammacin Amurka, ya wuce cikin kwale-kwale a watan Yunin 1804. Da an wuce garin Rocheport kaɗan sai ramin da aka fafe a cikin dutse a 1893 domin jirgi, shi kaɗai ne a duk tsawon hanyar, kuma ko da rani ana shiga ake jin sanyi. Na ji daɗi da kuka bar lambobin mil na zamanin jirgi yadda suke, shi ya sa Rocheport take a mil 178 ko da yake nisanta daga farkon hanyar keken bai kai haka ba. A kwarin kogin gonakin masara da waken suya ne iya ganin ido. Barewa takan tsallaka, kunkuru yakan tsaya a tsakiyar hanya sai an kauce masa. Daga Boonville zuwa Sedalia hanyar ta rabu da kogi, akwai ɗan hawa mai tsawo, amma hawan jirgi ne, ba ya karya gwiwa.

Ƙananan garuruwan da jirgi ya tafi ya bari sun samu abin yi. A Rocheport, Hartsburg, Marthasville da Augusta akwai masaukai da wuraren cin abinci da shagunan gyaran keke, kuma yawancin cinikinsu daga masu bin hanyar ne.

Wani abin da ya ba ni mamaki da na zo shi ne ba a karɓar ko sisi a bakin shiga. Daga baya na fahimci cewa tun 1984 mutanen jihar suka amince da ɗan haraji kan sayayya, senti 10 a kowace dala 100, rabi na wuraren shaƙatawa, rabi na kare ƙasar noma da ruwa. A 2016 aka sake kai maganar gaban masu zaɓe, kusan kashi 80 cikin 100 suka ce a ci gaba. Mutane ba sa zaɓar haraji da hannunsu sai sun ga inda kuɗin yake zuwa, kuma wannan shaida ce a gare ku wadda ta fi tawa nauyi.

Ga 'yan'uwa masu niyyar gwadawa: ba sai da keke mai tsada ba, amma taya mai ɗan faɗi ta fi siririya, musamman bayan ruwan sama ko narkewar ƙanƙara, lokacin da ƙasar ke yin taushi tana riƙe taya. A tafi da kayan faci da famfo. Da rani ƙurar farin dutsen takan bi mutum har gira, ya dawo gida kamar wanda ya fito daga injin niƙa, don haka a wanke sarƙar keke a sa mata mai. A riƙe ruwa isasshe, domin wasu tashoshin suna da nisa da juna, kuma da sanyi akan rufe famfunan saboda daskarewa. Hanyar a buɗe take daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Wanda ba ya son ya tuƙo ya dawo yana iya hawa jirgin ƙasan fasinja na Amtrak da ke tsayawa a Sedalia, Jefferson City da Hermann, in ya nema wa kekensa wuri tun da wuri.

Na ga kuma tun 2016 kun haɗa Katy da hanyar Rock Island a garin Windsor, mil 47 zuwa Pleasant Hill, kusa da Kansas City. Ita ce nake da niyyar bi idan kaka ta kama, in Allah ya yarda.

Ina roƙon a isar da gaisuwata ga direbobin gireda, da masu yankan ciyawa, da masu share banɗakunan tashoshi, da 'yan sa-kai da ke taimaka muku. Allah ya saka da alheri, ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Naku,
Wani mai keke, mazaunin Columbia, Jihar Misuri.