Wai sunan bos a gem yana tona asirinsa?

Assalamu alaikum Edita,

Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu masu aiko wasiƙa. Na san shafin nan an fi kawo masa kukan taki da tsadar mai da rikicin jam'iyya, to yau dai a yi min uzuri, maganar gem, wato wasan bidiyo, na kawo. Kar wani dattijo ya ce wasan yara ne ya buɗe shafi na gaba, don a ƙasan maganar akwai zancen suna, mu kuwa ba ma wasa da suna.

Na yi shekara bakwai ina riƙe da shagon gem a unguwarmu, talabijin huɗu da benci biyu da wata fanka da sai an zungure ta da tsinke take tashi, yanzu na bar wa ƙanena. Ranar Asabar na leƙa mu gaisa sai aka ɗauke wuta, kafin a je a sayo mai a tada janareto musu ya kaure tsakanin wasu samari biyu. Ɗaya ya rantse wai duk bos ɗin da ke cikin gem, wato babban abokin gaban da ake karawa da shi, sunansa ne ke tona shi, in kana da kai tun daga sunan za ka gane mugu ne, har ya kawo karin maganar nan wai suna linzami. Ɗayan ya ce ƙarya ne, suna kawai ake liƙa musu. Suka juyo kaina wai Yaya kai ne tsohon hannu, raba mana. Na raba musu a gurguje, amma da na koma gida abin bai bar ni ba, shi ya sa na ɗauko waya nake rubuto maka.

Na farkon yana da hujja, ba zan danne masa ba. Ga Wario, kishiyar Mario, wanda Nintendo suka fito da shi a 1992 a Super Mario Land 2 na Game Boy. A Japananci kalmar warui na nufin mugu ko marar kyau, sai suka haɗa ta da Mario, shikenan, ko harafin da ke hularsa M ɗin Mario ne aka kifa ya zama W. Ga Akuma na Street Fighter, kalmar a Japananci shaiɗan take nufi. Diablo ma haka, bos ɗin gem mai wannan suna, Shaiɗan ne da yaren Sifen, babu wani ɓoye-ɓoye. Har Sephiroth na Final Fantasy VII, gem ɗin 1997, mai dogon takobi da farin gashi, an ɗauko sunansa daga ilimin ɓoye na Yahudawa da ake ce wa Kabbala, inda kalmar ke nufin siffofi goma na ubangiji, shi kuwa a labarin ai abin da yake nema kenan, ya fi ƙarfin ɗan adam ya koma abin bauta. To wannan kam sunan ya yi nuni.

Amma fa ka lura, waɗannan duk ba sa buƙatar suna kafin ka gane su. Wanda ya fito da jajayen idanu da ƙaho ko yana ƙyaƙyata dariyar mugunta, ko Salihu aka sa masa ai ka san inda ya dosa. Sunan bai tona komai ba, ƙari ne kawai a kan abin da ido ya riga ya gani.

Abin da ya kashe min maganar na farkon gaba ɗaya shi ne labarin Street Fighter II, wanda Capcom suka fitar a 1991. Duk wanda ya buga shi ya san bos huɗu na ƙarshe, Balrog ɗan dambe, Vega mai abin rufe fuska da faratan ƙarfe, Sagat mai ido ɗaya, sai babbansu M. Bison mai jar hula irin ta soja. Shekara da shekaru yara a shagona suna cewa ai Bison sunan ɓaunar Amurka ne, shi ya sa yake tunkuyo mutum da kai yana juyawa cikin wuta, sunan ya dace da shi ɗaf. Ni ma haka na yarda wallahi. Ashe a Japan inda aka ƙirƙiri gem ɗin ba sunansa kenan ba sam. Can ɗan damben nan shi ne M. Bison, don an zana shi ne da kamannin Mike Tyson wanda a lokacin duniya ke tsoron naushinsa, Mike Bison, Mike Tyson, ka ji ai. Da za a kai gem ɗin Amurka sai kamfanin ya ji tsoron kar a maka shi a kotu, sai kawai suka yi musanyen sunaye tsakanin mutum uku kamar masu musanyen hula. Ɗan dambe ya karɓi Balrog, wanda asali sunan mai faratan ne, mai faratan ya karɓi Vega, wanda asali sunan babban bos ne, shi kuma babban bos aka jibga masa M. Bison. Sagat kaɗai ya tsira da nasa. Har yau a Japan Vega suke ce wa mai jar hular, shi ya sa a manyan gasanni da ake haɗuwa daga ƙasashe daban-daban 'yan wasa suka gaji da rikicewa suka koma kiransu ɗan dambe da mai farce da ɗan kama-karya, kowa ya huta.

To Edita ka gani, duk fassarar da muka yi ta yi ta ɓauna da tunkuyi, a kan sunan aro muka yi ta, sunan da tsoron lauya ya haifar. Mun riga mun ga halin mutumin ne sannan muka koma muka nemo wa sunan ma'ana. Ko Bowser ɗin Mario, a Japan Kuppa ake ce masa, kuma wanda ya ƙirƙire shi, Shigeru Miyamoto, daga sunan wani abincin Koriya ya ɗauko, shinkafa cikin romo. Dodon da ke feso wuta yana sace gimbiya, ashe sunan abinci ne da shi, kamar a ce maka babban bos sunansa Fate. Noob Saibot na Mortal Kombat da yara ke jin sunansa kamar na aljani, sunayen masu gem ɗin ne biyu, Boon da Tobias, aka karanta ta baya.

Wanda ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne Assassin's Creed na farko, na 2007. Labarin a ƙasar Sham yake, shekarar 1191, lokacin yaƙin 'yan Salibiyya, kai ne Altaïr, kuma shugabanka wani dattijo ne mai farin gemu da ke zaune a ganuwar Masyaf, sunansa Al Mualim. Bature zai ji sunan ya wuce, amma mu ai babu wanda zai fassara mana, mu'allim ne, malam, daga nan kalmar tamu ta fito. Ina tuna yaran shago ba sa ma kiransa da wani suna sai Malam, za ka ji yaro na cewa bari in koma wajen Malam ya ba ni sabon takobi. Shi ke ba ka sunayen mutum tara ya ce azzalumai ne, je ka kawar da su, kana dawowa yana yi maka nasiha cikin taushin murya yana mayar maka da makamanka ɗaya bayan ɗaya. Sai a ƙarshe ka gane ashe shi ne na gomansu, ya yi amfani da kai ne ka share masa abokan sirrinsa don abin da suka tono ya zama nasa shi kaɗai, kuma faɗan ƙarshe da shi za ka yi a cikin lambun ganuwar. Ranar da wani yaro ya kai wajen nan ajiye hannun gem ɗin ya yi a cinya ya juyo ya ce min, Yaya, Malam ne fa. Kamar zai yi kuka. Sunan nan bai tona shi ba, rufa masa asiri ya yi, kuma a kanmu ya fi aiki don an tashe mu a kan cewa malam ba a zarginsa.

Masu GTA San Andreas kuma, na san za su ce ai Big Smoke sunansa hayaƙi, kuma ƙarshe ƙwaya ya koma sayarwa ya ci amanar abokansa, CJ tauraron gem ɗin da yayansa Sweet. To amma tsakani da Allah wa ya zarge shi saboda suna? Abin da ya kamata ya farkar da mu a gabanmu aka yi shi, mutumin da ya tashi daga unguwarsu Grove Street ya koma zama a yankin abokan gaba, kuma ranar da suka bi motar abokan gaba ana harbinsu kowa na mayar da wuta shi yana kujerar baya yana cin kaza bai harba ko ɗaya ba. Dariya muka yi ta yi a lokacin muna cewa ƙaton nan ci ne kawai a gabansa.

Mu kanmu in ka duba, sunayenmu na gida labarin haihuwa suke bayarwa, ba hali ba. Tanko ya biyo mata, Gambo ya biyo tagwaye, Ɗanjuma ranar Juma'a ya zo, Ajuji kuwa uwarsa ta sha binne 'ya'ya ne aka sa masa suna marar daɗi ko mutuwa za ta raina shi ta bar shi. Na yanka kuma ranar bakwai ake raɗa shi, jariri ko ido bai gama buɗewa ba, fata ne da addu'a. Yaron da ya taɓa kwashe min memori kad uku a shago sunansa mai kyau ne ƙwarai, ba zan faɗa ba don yanzu magidanci ne, muna gaisawa.

Abin da na ce wa samarin nan kenan a taƙaice, na farkon bai ji daɗi ba ya ce shi dai har gobe Bison ya fi dacewa da mai jar hula. Ana haka janareto ya tashi, suka ce a raba gardama a kan allo. Shi ya ɗauki mai jar hular, abokin musun nasa ya ɗauki ɗan dambe, kuma zagaye biyu a jere Bison na asali ya lallasa Bison na aro, har da naushin da ya kai shi bango. Na farkon ne ya biya kuɗin wasan.

Naka,
Wani tsohon mai shagon gem, daga Kano.