Kundin Tarihin Anglo-Saxon Ya Wuce Jerin Mutuwar Sarakuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata magana da ta fito a shafinku na adabi. Marubucin, Allah ya ƙara masa basira, ya ce rubutun tarihi na magabata jerin sunaye ne kawai, wane ya hau, wane ya rasu, har ya kawo kundin tarihin Anglo-Saxon na ƙasar Ingila a matsayin misali. Ni tsohon malamin tarihi ne, na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma na daɗe ina karanta wannan kundi. Wallahi an rage masa daraja.

An fara harhaɗa shi ne a masarautar Wessex, a kudancin Ingila, wajen shekarar 890, zamanin Sarki Alfred wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. A lokacin malaman Turai da Latin suke rubutu, har babban masanin nan Bede da ya kammala tarihinsa a 731 da Latin ya yi. Shi wannan kundi kuwa da harshen mutanen gari aka rubuta shi, wato tsohon Ingilishi. Aka kwafe, aka rarraba wa gidajen ibadar ruhubanawa, kowane gida ya ci gaba da ƙara abin da ya faru shekara bayan shekara. Kwafi 9 ne suka tsira, wasu cikakku wasu guntaye, kuma babu na asali a cikinsu.

Inda marubucinku yake da gaskiya shi ne shafukan farko. Akwai shekarar da layi ɗaya ta samu. A 664 rana ta yi husufi, annoba ta biyo. A 671 abin da aka rubuta kawai shi ne tsuntsaye sun mutu da yawa. To amma wanda ya tsaya nan ya rufe littafi bai kai ga shekarar 755 ba.

A ƙarƙashin wannan shekara aka ba da labarin Sarki Cynewulf na Wessex, ko da yake kisan nasa sai bayan kimanin shekara 30 ya faru. Sarkin ya so ya kori wani ɗan sarki mai suna Cyneheard, ɗan'uwan sarkin da ya tuɓe. Cyneheard ya samu labari cewa sarki ya je wurin wata mace a Meretun da 'yan rakiya kaɗan, sai ya zo ya kewaye ɗakin. Sarki ya tsaya a bakin ƙofa yana kare kansa, amma da ya hango Cyneheard sai ya kasa haƙuri, ya fito ya auka masa, ya ji masa mummunan rauni, su kuma suka taru suka kashe shi. Ihun matar ne ya farkar da baraden sarki. Cyneheard ya ce zai bar su da ransu, ya kuma ba su dukiya. Ko ɗaya bai karɓa ba. Suka yi ta faɗa har aka gama da su, sai mutum ɗaya da ake riƙe da shi garkuwa, shi ma da rauni. Da gari ya waye, hakimi Osric ya iso da sauran mutanen sarki, suka tarar an kulle ƙofofi. Cyneheard ya ce su faɗi abin da suke so na kuɗi da ƙasa, su dai bar masa sarauta, ya kuma tuna musu cewa 'yan'uwansu na jini suna ciki tare da shi. Suka ce babu ɗan'uwan da ya fi ubangidansu a wurinsu, kuma ba za su taɓa bin wanda ya kashe shi ba. Duk da haka suka yi wa dangin nasu tayin su fito lafiya. Na ciki suka ƙi, suka ce abokanku da aka kashe jiya an yi musu irin wannan tayi ba su karɓa ba, mu ma haka. Dangi suka fuskanci dangi a bakin ƙofa har aka kashe Cyneheard da mutanensa.

Malam Edita, wannan jerin suna ne? Marubucin kundin bai ce wane ne mai gaskiya ba, bai yi wa kowa wa'azi ba, ya bar ka da mutanen da zumunci yake ja ta nan, amana tana ja ta can. A tsakiyar jimla ma sai ya bar ba da rahoto ya koma faɗin maganar da bakin masu ita, alamar labarin ya daɗe ana ba da shi da baki kafin ya hau fatar rubutu.

Wani lokaci kuma sai alƙalamin ya koma waƙa. Shekarar 937 gaba ɗayanta waƙa ce ta yabon Sarki Athelstan da ƙanensa Edmund a kan nasarar yaƙin Brunanburh, inda aka ce sarakuna 5 da manyan hakimai 7 na abokan gaba suka kwanta, aka bar gawarwaki ga hankaka da gaggafa da kyarkeci. Wanda ya saba jin makaɗan fada suna wasa sarki bayan an dawo daga daga zai gane irin muryar nan take.

Ta fuskar tarihi kuwa, da babu wannan kundi da abubuwa da yawa na Ingila tsakanin tafiyar Rumawa da zuwan Normawa, mutanen Normandi ta arewacin Faransa, sun ɓace. A cikinsa ake karanta yadda maharan teku, 'yan Viking, suka wawashe cocin tsibirin Lindisfarne a 793, bayan guguwa da walƙiya da yunwa, har mutane suka ce sun ga dodannin wuta suna shawagi a sama. A cikinsa ne aka ga Alfred a 878 ya fake a fadamar Athelney da 'yan mutane kaɗan, ya sake tara runduna, ya ci Guthrum, shugaban maharan, a Edington. Daga baya murya ta canza, ta zama ta mai takaici. A 991 an biya mahara fam 10,000 don su tafi, ba su daina dawowa ba, a 1012 kuɗin ya kai fam 48,000. A shekarar ce kuma suka kashe babban limamin cocin Canterbury, Alfheah, suka jefe shi da ƙasusuwa da kawunan shanu bayan ya hana a biya fansarsa. Marubucin wannan zamani bai ɓoye haushinsa da manyan ƙasa ba: ya ce idan abokan gaba suna gabas sai a ajiye runduna a yamma, idan suna kudu sai a kai ta arewa.

Ba na cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne tsantsa. Kundin ya fito daga fadar Wessex, kuma yana jan ruwa zuwa gonarta. Sai dai yawan kwafin shi ne maganin wannan. Dubi Athelflad, 'yar Alfred, wadda ta mulki ƙasar Mercia a tsakiyar Ingila, ta gina ganuwa a Tamworth da Stafford a 913, ta ƙwace Derby a 917, ta rasu a 918. Kwafin Winchester ya yi shiru a kan ayyukanta, rasuwarta kawai ya ambata. Wasu kwafin kuma sun adana bayanan mutanen Mercia da suka lissafa ayyukan nata shekara-shekara. Sai ka ajiye biyun gefe da gefe ka ga wanda aka so a manta. Da haka nake nuna wa ɗalibaina cewa abin da marubuci ya ƙi faɗa shi ma shaida ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshensa. Bayan William na Normandi ya ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, amma ruhubanawa ba su ajiye alƙalami ba. Da William ya sa aka ƙidaya dukiyar ƙasa, marubucin ya ce ko sa ɗaya, ko saniya, ko alade ba a bari ba, abin kunyar faɗa ne amma shi bai ji kunyar aikatawa ba. A 1087 da sarkin ya mutu, wanda ya rubuta ta'aziyyarsa ya ce shi ya gan shi da ido, ya zauna a fadarsa. Gani ya kori ji. Ya yabe shi da tabbatar da tsaro, ya zarge shi da son zinariya, ya ce yana son barewa kamar shi ya haife su, har ya sa dokar a makantar da duk wanda ya kashe ɗaya.

Gidan ibadar Peterborough ya yi gobara a 1116. Suka aro kwafi daga wani wuri suka sake rubutawa wajen 1121, suka ci gaba har 1154. A ƙarƙashin 1137 suka bayyana shekara 19 na mulkin Sarki Stephen: masu ƙarfi sun cika ƙasa da gidajen yaƙi, suna kama maza da mata da ake zaton suna da abin hannu, a rataye mutum ta ƙafa a turara masa hayaƙi mai wari, a ɗaura masa igiya mai ƙulli a kai a yi ta murɗawa. Sai ka yi tafiyar yini guda ba ka ga mutum a ƙauye ba, ba ka ga gonar da aka nome ba. Har mutane suka riƙa faɗa a fili cewa Almasihu da waliyyansa sun yi barci, kuma mai ibada ne da kansa ya rubuta hakan bai goge ba. A waɗannan shafuka ne masana harshe suke ganin tsohon Ingilishi yana rikiɗa zuwa na tsakiyar zamani.

Mu da muka san Tarihin Kano, wanda aka tsara shi sarki bayan sarki tun daga Bagauda, da Larabci, har Baturen nan Palmer ya fassara shi da Ingilishi a 1908, bai kamata irin wannan rubutu ya zama mana baƙo ba, balle mu raina shi. Roƙona shi ne shafin adabi ya ware fili a fassara wasu shekarun wannan kundi da Hausa, masu karatu su yi hukunci da kansu. Idan kun amince, zan fara aiko muku da ta 755, sannan ta 1137.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Zariya.