Ka Dawo Mako Mai Zuwa

Assalamu alaikum, mutumina.

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka yafe mini shirun wata biyun nan, wallahi takardu ne suka sha mini kai.

Ka tuna ƙungiyar sa-kai da na ce maka na shiga, inda muke koya wa manya karatu da yamma? Rajistarmu ce ta ƙare, aka ɗora mini sabuntawa tunda ni ne sakatare. Aka ce yanzu komai ta intanet ake yi, har na yi murna. Sau uku ina cike fom, shafin na cijewa a wurin ɗora hoto, wai ya yi nauyi. Da ƙyar ya wuce, sai ga saƙo: in buga fom ɗin a takarda in kai ofis da hannuna. To ina amfanin baɗi ba rai?

Na je ofis, mai sa hannu ba ya nan. Kwat ɗinsa na rataye a jikin kujera, fanka na ɗaga takardun da ke tebur, shi kuwa wai ya shiga mitin. Washegari na same shi, ya ce saura takardar shaida daga wani ofishin. Can kuma suka ce ba sa bayarwa sai sun ga sabuwar rajista! Matar da ta gaya mini haka ita ma dariya ta yi, kuma ban ga laifinta ba, ba ita ta tsara ba.

Ina zaune a benci na tuna da Parkinson, Baturen Ingilan nan da ya yi rubutu a 1955 kan ma'aikatar sojan ruwan ƙasarsu. Daga 1914 zuwa 1928 manyan jiragen yaƙinsu sun ragu daga 62 zuwa 20, amma jami'an hedikwata suka ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569. A ganinsa, kowane jami'i so yake a ƙara masa yara a ƙarƙashinsa, sannan su riƙa ƙirƙira wa juna aiki.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Mu goma sha biyu ne a ƙungiyar, kwamitinmu huɗu. Zamanmu na ƙarshe awa biyu muka yi kan launin katin shaida, ɗalibai na jira a waje. Ranar ne wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya zo ya ce zai riƙa koyarwa kyauta. Na miƙa masa fom, na ce ya kawo hoto biyu, ya dawo mako mai zuwa. Sai da ya juya baya na ji muryar wa ta fito daga bakina. Yau mako uku ke nan, bai dawo ba, ban ma karɓi lambarsa ba. Ina ta cigiya ko wani ɗalibi ya san gidansa.

Ka gaishe mini da yara. In ka samu sarari ka rubuto, ba sai ka haɗo da hoto biyu ba.

Naka har kullum.